Wuta da Danshi: Tarihin Bindigar Ɗuri a Ƙasashen Sanyi

 

Yau za mu yi tafiya mai nisa. Za mu tafi ƙasashen da kogi ke daskarewa ya zama kamar dutse, har mutum ya taka bisa shi ya ƙetare. Za mu ga yadda maharban can suka yi fama da bindigar ɗuri, wadda ake zuba ma albarushi da harsashi ta baki. Ita ce irin wadda muke ce ma bindigar toka. Tambayarmu ɗaya ce: yaya za a sa wuta ta kai ga albarushi, ga iska, ga jiƙa, ga yatsu sun sandare don sanyi? Mutane sun yi fiye da shekara 500 suna neman amsa.

Ku lura da kalma guda tun yanzu, don za ta yi ta dawowa. Kalmar ita ce ƙanƙara. A Hausa tana da ma'ana biyu. Akwai ƙanƙara ta ruwan da ya daskare. Akwai kuma ƙanƙara ta dutsen da ake bugawa da ƙyastu a sami wuta. Labarinmu na yau, labarin kokawa ne tsakanin ƙanƙarar nan biyu.

Albarushi da abokin gabansa

An fara haɗa albarushi a ƙasar Sin, wajen ƙarni na 9. Ya isa Turai a ƙarni na 13. Abu uku ne cikinsa: wani farin gishiri da ake ce ma salfeta, da gawayi, da farar wuta. In aka kasa albarushi kashi 100, salfeta ke da wajen kashi 75, gawayi 15, farar wuta 10.

Mutane da yawa suna tsammani sanyi ne ke kashe albarushi. Ba haka ba ne. Busasshen albarushi yana kamawa ko da sanyi ya kai ina. In an rufe shi da kyau wuri mai bushewa, yakan yi shekaru masu yawa bai lalace ba. Abokin gabansa shi ne danshi. Kun san yadda gishiri ke yin laushi da damina. Kun san jiƙaƙƙen gawayi ba ya kamawa. To, albarushi gishiri ne da gawayi. Kuma gwargwadon laushin garinsa, gwargwadon saurin shan danshinsa.

A gindin bututun bindiga akwai ƴar ƙaramar kafa, wato rami kamar na allura babba. Ta nan wuta ke shiga ta iske albarushi. Duk dabarun da za mu faɗa, aikinsu guda ne: su kai wuta bakin wannan kafa.

Dabara ta farko: igiya

A ƙarni na 15 Turawa suka ƙera bindigar igiya. Ana jiƙa igiya da ruwan salfeta, a shanya, a kunna bakinta ta riƙa ci a hankali. Gefen bindiga akwai ɗan kasko, ana zuba masa albarushi kaɗan. In an ja kunama, sai bakin igiya ya sauka cikin kasko, wuta ta tashi, ta bi ta kafa.

Wannan bindiga tana da arha, amma ba ta yi ma maharbi daɗi ba. Naman daji yana jin warin hayaƙin igiya tun daga nesa. Da dare ana hango jan wutarta. Yayyafi kaɗan ya isa ya kashe ta. Kuma mutum yana yawo da wuta a hannu, ga jakar albarushi rataye a wuyansa. Kun ga hatsari ke nan.

Dabara ta biyu: faifan ƙarfe

Wajen shekarar 1500 aka fito da wata dabara, wadda maƙeran Jamus suka fi gwanancewa da ita. An sa ɗan faifan ƙarfe mai kaushi, ana murɗa shi da mabuɗi. In an ja kunama, sai ya juya da sauri, ya goga wani dutse, tartsatsi ya fito. Ba igiya, ba hayaƙi. Maharbi yana iya ɗura bindigarsa ya yi kwanto da ita. Sai dai ƙirarta tana da wuya kamar ta agogo, tsadarta kuma ta fi ƙarfin talaka. Sarakuna da attajirai ne suka fi yin farauta da ita.

Dabara ta uku: dutsen ƙanƙara

Maƙera sun yi ta gwada dutse da ƙyastu cikin ƙarni na 16. Wanda aka fi ambata da kammala aikin shi ne wani Bafaranshe, Maran lu Burjuwa, mutumin garin Liziye. Wajen 1610 ya ƙera bindiga irin wannan, zamanin sarki Luwi na 13.

Ga yadda take aiki. Akwai ƴar guduma mai baki biyu, tana riƙe da dutsen ƙanƙara. Bisa kaskon akwai murfin ƙarfe mai tsayayyen goshi. In an ja kunama, dutse ya bugi goshin murfin. Bugu guda yana aiki biyu: ya buɗe kasko, ya zubo tartsatsi cikinsa. Kun gane ke nan kasko a rufe yake har lokacin harbi. Wannan ci gaba ne babba.

Bindigar dutse ta yi mulki fiye da shekara 200. Har aka sami garuruwan da sana'arsu ita ce fasa dutsen bindiga, kamar Birandon a Ingila. Dutse guda yakan yi harbi 20 zuwa 30 kafin bakinsa ya dakushe.

A bakin tekun Hadson

Yanzu mu bi bindigar dutse zuwa arewacin Kanada, inda aka yi mata gwaji mafi tsanani.

A 1670 Ingilishi suka kafa kamfanin ciniki na Tekun Hadson. Suna sayen fatu masu gashi daga mutanen ƙasar, kamar ƙabilar Kiri. Suna ba su bargo, tukwanen ƙarfe, wuƙaƙe, bindigogi, albarushi da dalma.

Bari mu auna sanyin wurin. Ruwa yana daskarewa a digiri 0. A Maraɗi ko Damagaram, daren hunturu yakan sauko wajen digiri 13 zuwa 15, mu ce mun sha sanyi. A bakin tekun Hadson kuwa, awo yakan sauka digiri 30 ko 40 ƙasa da 0. Hatsi ba ya yi a can. Abincin mutane nama ne da kifi: dinya in lokacinta ya zo, da tsuntsayen ƙasa irin fakara, da wata babbar barewa mai rassan ƙaho da ake ce ma karibu. Maharbi yakan yi yini yana bin sawu cikin dusar ƙanƙara. In ya iske nama, harbi guda gare shi. In bindiga ta ƙi tashi, iyalinsa su kwana da yunwa. A wannan sanyi, yunwar kwana kaɗan tana kisa.

Wahala uku suka samu.

Ta farko, ƙarfe. Sanyi mai tsanani yana sa ƙarfe marar kyau ya yi gautsi. Wakilan kamfani sun yi ta rubuta ma manyansu na Landan kuka, cewa kayan ƙarfen da ake aiko masu suna karyewa, bututun bindiga yana tsagewa.

Ta biyu, mai. Man da aka shafa ma bindiga yakan daskare kamar man shanu. Sai guduma ta faɗi a sanyaye, dutse ya kasa ba da tartsatsi.

Ta uku, kasko. Murfinsa ba ya hana ruwa sarai. Ƙwayar dusar ƙanƙara guda ta faɗa, ɗumin hannu ya narkar da ita, sai garin kasko ya zama kunu.

Maƙeran Ingila suka gyara ƙira. Suka yi bindiga marar nauyi, wadda ake iya ɗura ma harsashi guda don babban nama, ko ƙananan ƙwayoyin dalma don tsuntsu. Suka faɗaɗa zoben da ke kewaye da kunama, har yatsa ya shiga da safar hannu. A gefenta akwai hoton maciji na farin ƙarfe mai ruwan zinariya, wato tagulla. Masu saye sun san wannan alama, kuma sukan ƙi bindigar da ba ta da ita.

Maharba su ma suka yi nasu dabaru. Suna rufe wurin kasko da ƙyallen fata mai kitse, wanda ake ce ma gwiwar saniya, don ya yi kama da ita. Suna shafa kakin zuma ko kitse a gefen murfi. Suna riƙe wurin ƙarƙashin hammata in suna tafiya. Suna zubar da garin kasko lokaci lokaci, su zuba sabo. Albarushinsu kuma cikin ƙaho yake, don ƙaho ba ya shan ruwa.

Darasin ɗaki mai ɗumi

Akwai wani darasi da ya fi duka muhimmanci. Ku ɗauko kwalbar lemo mai sanyi daga firiji, ku aje ta cikin ɗaki. Nan da nan za ku ga ta yi zufa. Ba daga cikin kwalba ruwan ya fito ba. Danshin da ke cikin iskar ɗaki ne ya taru bisa abu mai sanyi.

Haka bindiga take. In ta yini cikin sanyi, aka shigo da ita ɗakin da ake hura wuta ana dafuwa, sai ƙarfen ya yi zufa waje da ciki. Zufar ta gangara ta jiƙa albarushi. Da safe a fita, ruwan ya daskare ya toshe kafa. Maharbi yana tsammani ya kyautata ma bindigarsa, ashe ya kashe ta. Don haka masu wayo suke barin ta wuri mai sanyi, busasshe, har safe. Kun ji abin mamaki: a ƙasar sanyi, ɗumi ne ke jiƙa albarushi.

Dabara ta huɗu: ƴar hula

Mu koma Turai. A Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani limamin coci mai suna Alekzanda Forsait, a ƙauyen Belhelbi kusa da teku. Yana son harbin agwagwar ruwa. Ya lura da abu guda. A bindigar dutse, wutar kasko tana fara walƙawa, sannan harsashi ya fita. Tsakaninsu ɗan lokaci ne kamar ƙiftawar ido. Amma tsuntsu yana ganin walƙiyar, ya nutse ko ya tashi.

A 1800 wani masani, Edwad Hawad, ya bayyana wani gari mai tashi da wuta in an buge shi. Forsait ya yi ta gwaji da garuruka irin wannan. A 1807 ya sami takardar shaidar ƙirarsa: bindiga mai tashi da bugu, ba dutse, ba buɗaɗɗen kasko.

Wajen 1820 aka sauƙaƙa dabarar. Aka sa ɗigon garin cikin ƴar hula ta jan ƙarfe, ƙarama kamar ƙwayar dawa. Ana kifa ta bisa wani ɗan bututu da ke kai wa ga albarushi. Guduma ta buge ta, wuta ta bi ta ciki. Maƙera da dama a Ingila, Faransa da Amurka, kowa ya ce shi ya fara.

Maharba ne suka fara karɓar ta. Soja suka biyo baya. A 1834 sojan Ingila suka yi gwaji a Wulij. Aka yi harbi 6,000 da bindigar dutse, aka yi 6,000 da mai hula. Ta dutse ta ƙi tashi sau 922. Mai hula ta ƙi sau 36. Ku yi lissafi cikin allonku: ta dutse tana ƙi kusan sau 1 cikin harbi 6 ko 7, mai hula kuwa sau 1 cikin 166. Daga wajen 1840 sojan Ingila da na Faransa suka koma ma hula.

Don mi wasu suka ƙi sabon abu?

Kuna tsammani maharban ƙasar sanyi sun yi tsallen murna? Wasu sun yi. Amma da yawa sun riƙe bindigar dutse shekaru masu yawa. Har wajen 1870 ana ƙera ta a Ingila don cinikin arewacin Kanada. A Sibiriya ta ƙasar Rasha ma, maharban fatu sun daɗe da ƙananan bindigoginsu na dutse, masu cin albarushi kaɗan.

Ba jahilci ya sa su haka ba. Lissafi suka yi.

Na ɗaya, hula ƙarama ce ƙwarai. Yatsun da suka sandare ba su iya ɗaukar ta. In ta faɗi cikin dusar ƙanƙara, ta tafi ke nan.

Na biyu, hula guda harbi guda ce. Masana'anta ce kaɗai ke yin ta. Jirgin kamfani kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, in teku ta narke. Wanda hulunansa suka ƙare tsakiyar daji, bindigarsa ta zama sanda. Mai dutse kuwa yana iya fiƙe bakin dutsensa, ko ya nemi wani dutse mai tauri ya fasa.

Na uku, bindigar dutse ƙyastu ce. In an toshe kafa, ko bindiga ba ta da ɗuri, ana iya kunna wuta da ita a ji ɗumi. A can, wuta rai ce.

Ga babban darasin tarihin nan. Kowace sabuwar dabara ta ƙara kare wuta daga ruwa. Amma kowace ta ƙara ɗaure maharbi ga ɗan kasuwa. Mai hankali yakan auna biyun kafin ya zaɓa.

Bindigar ɗuri ta faɗi, ta sake tashi

Daga wajen 1860 zuwa 1870 aka yawaita harsashi mai kwanson ƙarfe. Hula da albarushi da dalma duk suna rufe wuri guda, ana sa shi ta bayan bindiga. A 1884 wani Bafaranshe, Pol Biyey, ya haɗa sabon albarushi marar hayaƙi, mai ƙarfi ƙwarai. Sai aka ce bindigar ɗuri ta mutu.

Ba ta mutu ba. A Amurka, jihohi da yawa sun ware ma masu ita lokacin farauta na dabam, sau da yawa cikin sanyi. Jihar Pansilbaniya ta buɗe lokacin farautar barewa da bindigar dutse a 1974. Ana yin sa daga ƙarshen Desamba zuwa cikin Janbiye, tsakiyar sanyi. Sai tsohuwar tambaya ta dawo.

A 1985 wani Ba'amurke, Toni Nait, ya fito da bindigar ɗuri wadda hularta ke daidai bayan albarushi, layi guda. Wuta ba ta bin kwana, miƙe take tafiya. Daga baya aka riƙa sa ma irin waɗannan bindigogi wata babbar hula mai lamba 209, mai wuta da zafi, wadda ke zama cikin rufaffen wuri.

An kuma fito da sababbin garuruka a madadin albarushi. Akwai Pyrodex tun wajen 1976, akwai Blackhorn 209 tun 2008. Suna da amfaninsu. Na biyun ba ya saurin shan danshi, kuma ba ya barin dauɗa da yawa. Amma duk sun fi tsohon albarushi wuyar kamawa. Tartsatsin dutse ba ya isar su yadda ya kamata. Blackhorn 209 ma sai da hula mai lamba 209. Don haka mai bindigar dutse har yau baƙin albarushi na kakanni yake nema. Kun ga, kowace wuta da garin da ya dace da ita.

Kuma duk da sababbin ƙira, maharban Amurka suna bin tsofaffin ƙa'idodi. Suna goge mai daga bututu kafin ɗuri. Suna liƙe bakin bindiga da ɗan sirin leda mai danƙo, don ƙanƙara kada ta shiga. Da dare su cire hula, ko su zubar da garin kasko, su bar bindiga a kulle wuri mai sanyi. Bayan harbi su wanke ta, don tokar albarushi tana jawo danshi, ta kawo tsatsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fa, ina ruwanmu?

Bindigar dutse ta iso ƙasar Hausa ta hanya biyu: daga bakin teku a kudu, da kuma ta hamada daga Tarabulus. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da yawa, har aka ƙera masa igwa a birnin Zindar. Duwatsun Birandon kuwa an ci gaba da aiko su Afirka har cikin ƙarni na 20.

Sanyinmu busasshe ne. Hunturu ba ya jiƙa albarushi. Namu abokin gaba shi ne damina da raɓar asuba. Amma cutar guda ce, wato danshi, kuma hatsarinta guda ne. Albarushi mai danshi wani lokaci ba ya mutuwa sarai. Yakan yi jinkiri, yana ci a ɓoye, sannan ya tashi. Mutum ya ja kunama, ya ji shiru, ya juyo bakin bindiga ya leƙa. Nan ake rasa ido, ko hannu, ko rai.

Saboda haka ku riƙe abu huɗu, ku gaya ma wanda bai zo aji ba.

In bindiga ta ƙi tashi, a bar bakinta yana duban inda ba kowa, a jira aƙalla minti guda.

Kada a zuba ma bindigar toka garin da aka ciro daga harsashin zamani. Ƙarfinsa yana fasa bututu a hannun mai shi.

Kada a shanya albarushi kusa da murhu, kada a aje shi inda yara ke kai hannu.

Farauta tana da doka a Nijar, dokar shekarar 1998. Mai niyya ya fara zuwa wurin ma'aikatan ruwa da daji ya ji abin da aka yarda da abin da aka hana. Naman daji dukiyar jikokinmu ce.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Faɗi ma'ana biyu na kalmar ƙanƙara.
2. Mi ke lalata albarushi, sanyi ko danshi?
3. Don mi bindiga ke yin zufa in an shigo da ita ɗaki mai ɗumi?
4. A gwajin 1834, debe 36 daga 922. Nawa ya rage?
5. Cikin kayan aikinku na gona ko na sana'a, wane sabon abu ne ya sauƙaƙa maku aiki, amma ya sa dole sai kun tafi kasuwa? Ku rubuta layi uku a kai, ku nuna ma malaminku.

Nan za mu dakata.